Kwamfutar Shago Mai Mantuwa: Yadda Sabon Allo Ya Kusa Raba Zumuncin Shekara 12

Duk wanda ya taɓa wuni a rumfar ƴan atamfa a babbar kasuwar Maraɗi, musamman ranar Litinin ko Juma'a, ya san cewa ba duka cinikin da ake yi ba ne na kuɗi hannu. Mace za ta yi sammako daga Tibiri ko Jiratawa, ta zaɓi turmi goma ko goma sha biyar, ta ajiye abin da ya sauwaƙa, a ce sauran sai kasuwa mai zuwa. Babu lauya, babu sa hannu. Abin da ke riƙe da wannan ciniki shi ne amana, sai kuma littafin bashi da ke ƙarƙashin tebur. To a ƴan shekarun nan shaguna da dama sun mayar da wannan littafi cikin kwamfuta, wadda a nan muka fi kira ordinatar, kuma galibi wani yaro ne da ya yi lakwal ake damƙa wa ita. Ba mu ga laifin hakan ba. Amma abin da ya faru a shagon yayarmu bara ya sa muka ga ya dace mu ja hankalin ƴan kasuwa, maza da mata, a kan wani ciwo na kwamfuta da ba ya zuwa da hayaƙi ko ƙauri, wato ciwon mantuwa.

Yayar tamu, wadda kowa ke kira Hajiya, ta shekara fiye da ashirin tana sayar da atamfa da leshi da shadda. Ɗan ƙanen mijinta, wanda ta riƙa tun yana ƙarami, shi ke zama mata a shago, shi ke shigar da sunan kowace mai bashi da abin da ta biya a cikin Excel. Ana nan cikin damina, wata tsawa da aka yi da daddare ta bi waya ta ƙona babban allon kwamfutar, wato farantin nan mai faɗi da kowane sashe ke haɗe a jikinsa, wanda masu gyara a nan ke ce wa kart mer, na Kano kuma su ce madabod. Aka kai wa wani mai gyara, ya sa sabon allo fil a kwalinsa, ya mayar da tsofaffin kayan a kai, har ya ba da shawarar a ƙara sandar ram ɗaya a kan wadda ke ciki domin na'urar ta ƙara sauri. Hajiya ta biya kuɗin da ya isa sayen turame masu yawa, aka dawo da kwamfuta shago ana murna.

Ba a yi kwana goma ba ta fara nuna halinta. Ana cikin aiki sai fuskarta ta koma shuɗiya da wasu rubuce-rubuce, ta mutu, ta sake tashi da kanta. Wata rana sau ɗaya, wata rana sau uku, wata rana kuma lafiya lau tun safe har a rufe kasuwa. Aka mayar wa mai gyaran, ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga, ya goge komai ya sake zuba Windows. Aka dawo, an gudu ba a tsira ba. Yaron ya gaji da kai ƙara, ya koyi zama da abin, kamar yadda ake zama da ƙofar da ba ta rufuwa sai an daka mata ƙafa.

Sai wata Juma'a da Hajiya ta tafi biki Tibiri, wata abokiyar cinikinta ta Jiratawa, wadda suka shekara 12 tare, ta kawo jikka 85, wato sefa 85,000, cikon bashinta. Matar nan zogale take nomawa tana sayarwa, tana kuma ɗaukar atamfa ta raba wa matan garinsu suna biya kaɗan-kaɗan. Yaron ya karɓa, ya shigar. Bayan makonni biyu ta dawo ɗaukar sababbin kaya, aka buɗe lissafi, sai ga jikka 85 ɗin nan zaune a gaban sunanta kamar ba a taɓa biya ba.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗi. Matar ta ce, "Hajiya, ki ji tsoron Allah, a hannun ɗanki na ba da." Yaron ya ce, "Wallahi Inna ta biya, kuma na rubuta." Hajiya kuwa ta kafe a kan cewa na'ura ba ta ƙarya, in an rubuta da an gani, don haka ko dai matar ba ta biya ba, ko kuwa yaron ya ci kuɗin ya ƙi rubutawa. Matar ta fita kasuwa tana share hawaye da bakin mayafi, yaron kuma ya daina cin abinci a gidan. Da daddare Hajiya ta kira mu ta ce, "Ku da kuka yi boko, ku zo ku gaya mini wanda ya cuce ni a cikinsu."

Ina mantuwar take?

Domin mai karatu ya fahimci abin da muka gano, bari mu kwatanta kwamfuta da shago. Faifan ajiya, wanda ake kira dis dur, shi ne sito, inda kaya ke kwana ko an rufe kasuwa. Ƙwaƙwalwar lissafi, wato farosesa, ita ce mai shago da ke awo da ƙirga. Shi kuma ram, wanda masu gyara ke kiran sandarsa baret, shi ne teburin da ake baza kaya a kai lokacin ciniki. Duk abin da yaro ya buga, a kan wannan tebur yake zama tukuna, ba ya shiga sito sai an danna ajiyewa. Idan na'ura ta mutu kafin nan, abin da ke kan tebur ya tafi. Wannan ma da sauƙi. Mafi muni shi ne tebur mai ƙusa a jiki, wanda ke yaga zane a ɓoye, a naɗe shi a mayar sito a yage ba wanda ya lura, sai ranar da aka zo buɗewa.

A cikin sandar ram mai giga 4 akwai ƴan ƙananan ma'adanai sama da biliyan 34, kowanne kamar ɗan ludayi ne da ke riƙe ɗigon wuta: in da wuta a ciki ɗaya ke nan, in babu sifili ke nan, kuma da waɗannan biyun ake rubuta kowane suna da kowane adadi. Ludayin nan duk masu yoyo ne, haka aka ƙera su tun da wani injiniyan kamfanin IBM mai suna Robert Dennard ya ƙirƙiro dabarar a 1966, shi ya sa allo ke bi yana sake cika su kusan sau 16 a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan ɗaya ya fi saura yoyo, ko allo da sanda ba su daidaita a kan saurin aiki ba, sai ɗaya ya koma sifili ko sifili ya koma ɗaya.

Kada wani ya ce ai ƙwaya ɗaya cikin biliyoyi ba komai ba ce. A zaɓen ƙasar Beljiyam na ranar 18 ga Mayu 2003, a gundumar Schaerbeek da ke birnin Burussel, na'urar zaɓe ta ƙara wa wata ƴar takara ƙuri'a 4,096 da ba wanda ya jefa mata. An gano ne kawai saboda adadin ya zarce abin da zai yiwu, kuma masanan da suka bincika sun karkata ga cewa ƙwaya ɗaya ce tak ta juye a cikin ma'adanar na'urar. Haka kuma a 2009 wata malamar jami'ar Toronto, Bianca Schroeder, tare da injiniyoyi biyu na Google, sun fitar da sakamakon bibiyar kwamfutocin kamfanin na tsawon shekara biyu da rabi, inda suka samu cewa fiye da sanda 8 cikin kowace 100 na yin kuskure a shekara. Su nasu injinan suna da wani nau'in ram mai suna ECC da ke kama kuskuren ya gyara. Irin kwamfutocin da ke shagunanmu ba su da wannan mai gadi. In ta yi kuskure ba za ta faɗa ba, ko dai ta faɗi, ko ta ci gaba da aiki da kuskuren a ciki.

Gwajin da aka yi a gabanmu

Washegari muka ɗauki na'urar a bayan babur zuwa wajen wani mai gyara na daban, dattijo, wanda aka yi mana kwatancensa a unguwar Zariya. Abin da ya fara burge mu da shi, bai taɓa sukurudireba ba sai da ya tambaya: me da me aka canja, kuma yaushe abin ya fara? Da ya ji an sa sabon allo an kuma ƙara sanda a rana ɗaya, sai ya yi murmushi, domin kuwa duk wanda ya canja abu biyu lokaci guda, in ciwo ya zo bai san wanda zai kama ba.

Da farko ya buɗe wani littafi da Windows ke rubuta wa kanta, inda take ajiye ranar da sa'ar duk wata mutuwar ba-zata. Sai ga jerin ranaku, har da Juma'ar da Hajiya take Tibiri, da la'asar. Wasu daga ciki suna ɗauke da lambar kuskuren MEMORY_MANAGEMENT, kalmar da ke fitowa a shuɗiyar fuskar nan. Duk wanda ya ga irin wannan rubutu a tasa na'urar, ya yi sauri ya ɗauki hotonsa da waya kafin ya ɓace, zai rage wa mai gyara wahala. A sababbin Windows 11 ma fuskar ta koma baƙa tun 2025, amma rubutun na nan a ƙasa.

Sannan ya kashe ta, ya zare waya daga bango, ya danna maɓallin kunnawa ya riƙe domin sauran wutar da ta maƙale ta fita, ya shafi ƙarfen akwatin kafin ya taɓa komai. Wannan shafar ba camfi ba ce. Mata masu sayar da leshi sun san yadda yadi ke ƙas-ƙas yana tartsatsi a hannu lokacin hunturu. Irin wannan tartsatsin, wanda mutum ko ji ba zai yi sosai ba, ya isa ya raunana sandar ram, ta ci gaba da aiki amma da tabo. Ya zare sandunan biyu yana riƙe su ta gefe, ya goge haƙoransu masu ruwan zinariya da robar goge fensir, ya kaɗe ƙurar gurabensu da busasshen buroshi. Ba ruwa, ba fetur, ba hurawa da baki. Sau da yawa, in ji shi, a nan aikin ke ƙarewa, domin sandar da ba ta zauna daram ba har maƙallanta biyu suka kama, ko wadda ƙura ta shiga tsakaninta da allo, tana iya yin duk abin da lalatacciya ke yi.

Daga nan sai ainihin gwajin. Ya sa wani ɗan kile mai ɗauke da manhajar MemTest86, wadda wani mai suna Chris Brady ya fara rubutawa a 1994, kuma har yau akwai ta kyauta, ita da ƴar uwarta Memtest86+. Aikinta shi ne ta rubuta adadi a kowane lungu na ram, ta dawo ta karanta ta ga ko abin da ta ajiye shi ta tarar, ta canja adadin ta sake, haka dai har ta zagaye. Ba ta bi ta cikin Windows, saboda haka ba ruwanta da ƙwayar cuta. Ita ma Windows tana da nata ɗan gwajin a ciki, wanda ake kira da buga mdsched, amma bai kai wannan tsanani ba.

Abin lura shi ne bai gwada sandunan tare ba. Ya sa tsohuwar ita kaɗai a gurbi na farko, ta zagaye sau huɗu ba kuskure. Ya mayar da ita gurbi na biyu, nan ma lafiya. Wannan ya wanke tsohuwar sanda, ya kuma wanke guraben sabon allon gaba ɗaya. Sai ya sa wadda aka ƙaro. Rabin sa'a na farko shiru, har mun fara tunanin mun ɓata wuninmu a banza. Can da ta ɗumama sai ga jan layi ya fito, wani ya biyo, kafin a jima sun cika ƙasan fuskar, kuma duk a unguwa ɗaya ta cikin sandar. Aka canja mata gurbi, jan layin ya bi ta.

Wannan dabara kowace mai awon hatsi ta san ta. Idan awo ya ƙi cika, sai a canja mudu a bar hatsin, sannan a canja hatsin a bar mudun. In kuskure ya bi sanda duk inda aka kai ta, sandar ce. In ya tsaya a gurbi ɗaya ko wace sanda aka sa, allon ne, ko kuwa an lanƙwasa ɗaya daga cikin siraran allurorin da farosesa ke zama a kai lokacin ɗaurawa, kuma sai a mayar wa wanda ya sayar. In kowace ta ci gwaji ita kaɗai amma suka ƙi zama tare, to kishi ne: saurinsu ko ƙarfin wutar da suke so ya bambanta, sai a rage sauri a saitin allo ko a nemo tagwaye daga kamfani ɗaya. Kuma a wannan gwaji babu wai kuskure kaɗan ne. Jan layi ɗaya ya isa a ƙi kaya.

Da ya leƙa bayanin da ke rubuce a cikin ita sandar da wata manhaja mai suna CPU-Z, sai ya tarar bai yi daidai da takardar da aka manna mata a jiki ba. Wato tsohuwa ce aka yi wa sabon lulluɓi. Ba mu ce mai gyaran farko ya sani ba, wataƙila shi ma haka aka sayar masa. Laifinsa a wajenmu shi ne bai gwada ba, sannan da aka koma masa ya kama gogewa da sake zubawa. Wannan ɗabi'a ta goge na'ura a kan kowane ciwo ta yi yawa a garin nan, kamar mai kemis da ke ba kowa farasitamol. Hasali ma Windows ɗin da aka zuba ta cikin ram mai yoyo tana iya shiga da rauni tun ranar farko, shi ya sa dattijon ya sake zuba wata bayan ya cire mugun iri, ya kuma fara kwafe kayan Hajiya gefe kafin ya taɓa komai.

Ba kullum ne laifin ram ba

A namu shagon sanda ce, amma kada mai karatu ya ji na'urarsa na mutuwa ya garzaya sayen baret. Akwatin wuta na cikin kwamfuta, wanda ake kira alimantasiyo, shi ne na biyu da ya kamata a tuhuma, musamman in tsawa ko hawan wuta ne ya kashe tsohon allon, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Maraɗi na samun wuta daga Najeriya ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma ba mu manta ba yadda aka yanke ta a farkon Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta dawo ba sai a Maris 2024. A waɗannan watanni shaguna da yawa sun koma kan ƙananan janareto da hasken rana, wasu har yau a kai suke. Wutar ƙaramin janareto hawa da sauka take, kuma duk lokacin da aka kunna firiza ko dutsen guga a layi ɗaya sai ta yi ƙasa. Alamar akwatin wuta mai rauni ita ce na'ura ta ɗauke ɗif ba tare da wani rubutu ba. Maganinsa a gwada da wani akwatin, sannan a sa ondilar, wato batirin nan da ke riƙe na'ura ƴan mintoci in an ɗauke wuta. A ganinmu wanda ke da kuɗin sabon allo amma ya ce ba shi da na ondilar, lissafinsa bai fita ba.

Sai zafi da ƙura. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, balle a shago mai rufin kwano. Binciken Google da muka ambata ya nuna zafi bai cika ƙara kuskuren ram ba, amma su a ɗakuna masu sanyi injinansu suke, kuma ko ba ram ba, farosesa kan kashe kanta in ta yi zafi fiye da kima. Idan an canja allo dole a goge tsohon man da ke tsakanin farosesa da fankarta a sa sabo. A ɗaga na'ura daga ƙasa, kada a jingina ta da dilar atamfa ta toshe mata iska, kuma mayafin da ake rufa mata saboda ƙura a yaye shi kafin a kunna.

Akwai kuma kurakuran ɗauri. Ƙusa ɗaya da ta rage a ƙarƙashin allo inda ba ramin ta ba tana iya taɓa shi ta haɗa wuta. A allo mai gurbi huɗu, sanda biyu galibi a na biyu da na huɗu ake sa su in an ƙirga daga farosesa, amma littafin da ke cikin kwali shi ne alƙali. Sababbin alluna kuma suna da wani saiti, XMP a na Intel, EXPO a na AMD, mai tura ram ya yi gudu fiye da na asali. Matasa masu wasanni na son sa, amma mai lissafin bashi ba abin da zai ƙara masa sai haɗari, a kashe shi. Wani lokaci sai an sabunta manhajar cikin allon, wato BIOS, kafin ya karɓi wata sandar, to wannan kada a kuskura a yi shi ba ondilar, domin in wuta ta ɗauke a tsakiya allon na iya zama faranti kawai.

Kafin a biya kuɗi

Ram iri-iri ne kuma ba sa shiga gurbin juna. DDR3, wanda ya fito a 2007, haƙora 240 gare shi a kwamfutar tebur. DDR4 na 2014 da DDR5 da ya biyo baya kowanne 288, amma tsagar da ke tsakiyar haƙoran ba wuri ɗaya take ba. In sanda ta ƙi shiga, ba ƙarfi take so ba, ba gidanta ba ne. A cikin DDR3 ma akwai mai shan volt 1.5 da mai 1.35 da ake rubuta wa DDR3L, kuma akwai kwamfutocin hannu da ba sa karɓar na farkon. Haka nan akan ga manyan sanduna da araha mai ban mamaki, waɗanda aka ciro daga injinan kamfanoni. Yawancinsu ba sa tashi a allon gida ko kaɗan.

Dalilin da ya sa muke ƙara jan kunne a yanzu shi ne kuɗin ram ya yi tashin gwauron zabo a duniya tun ƙarshen 2025. Kamfanoni uku ne, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, ke ƙera kusan duka, kuma sun karkata ga manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira da ke saye da tsada, har Micron ta sanar a Disamba 2025 cewa za ta daina sayar da samfurinta na Crucial ga jama'a. Ƴan kasuwa sun fi mu sanin abin da ke biyo bayan tsada: na hannu da na jabu su cika tebur, daga Computer Village ta Ikeja zuwa titin Beirut a Kano har su iso mana nan. Na hannu ba haramun ba ne, sanda mai lafiya takan shekara goma tana aiki. Amma a saye ta da sunan ta hannu, da kuɗin ta hannu, bayan an gwada.

Shi kansa sabon allon akwai abin dubawa. Wanda aka sa wa Hajiya nau'in H61 ne, wanda Intel ta fitar da guntunsa tun 2011. Kwali sabo ne, amma da yawa daga irin waɗannan alluna masu araha da tsofaffin guntaye ake haɗa su. Nata ya ci gwaji, mun gode. Sai dai ba ya cikin waɗanda Microsoft ta amince su ɗauki Windows 11, ita kuma Windows 10 an kawo ƙarshen tallafinta na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. Ga na'urar da ba ta hawa intanet, lissafi kawai take yi, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Amma mai aika kuɗi ko mai hulɗa da banki ta kwamfuta ya yi tunani kafin ya zuba jari a tsohon gida.

Abin da za mu ce wa duk mai kai gyara shi ne ya yi ciniki irin na kasuwa. A rubuta a faktir abin da aka sa, da girmansa, da kwanakin garanti. A dawo maka da tsofaffin kayanka a leda. A yi gwajin ram zagaye huɗu, ka ga sifili da idonka ko a turo maka hotonsa, ko da na'urar za ta kwana a can. In da hali a riƙe wani abu daga kuɗin aiki sai ta yi mako tana aiki. Mai gyara na ƙwarai ba zai ji haushin wannan ba.

Tafiya Jiratawa

Gano sanda mai yoyo ya nuna na'urar na iya mantuwa, amma bai nuna inda jikka 85 suka shiga ba. Yaron ya tuna cewa bayan wannan Juma'ar fayil ɗin ya taɓa ƙin buɗewa, sai Excel ta miƙo masa wani kwafi da ta ce ta ceto, shi kuma ya karɓa bai duba ba. Muka zauna da Hajiya muka zazzage jakar takardunta. A ranar Asabar da ta biyo baya ta aika wa dilanta na Kantin Kwari kuɗi, kuma takardar aikawar na nan. Da muka haɗa cinikin makon kamar yadda kwamfuta ta nuna, sai kuɗin da aka aika ya fi shi da jikka 85 da ƴan kai. Ƴan kan nan ma daga baya aka gano na wasu mata biyu ne na Tibiri da su ma biyansu ya ɓace, ba su dai zo ba tukuna. Ashe kuɗin sun shigo, yaron ya damƙa su a dunƙule da daddare, sun tafi Kano sun dawo a matsayin atamfar da ke jere a shagon.

Hajiya ta daɗe ba ta ce komai ba. Da safe ta ɗauki turmi ɗaya mai tsada da ƙullin goro muka kama hanyar Ɗan Isa. Mun tarar da matar a garka tana tsinkar zogale, kuma kafin mu buɗe baki wasu mata suka kewaye mu. Ashe ƴar ƙungiyar asusu ce, irin ta Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, kuma daga akwatinsu ta ranci cikon kuɗin ana gobe za ta kawo. Duk sun san adadin, sun san ranar, ba tare da sun duba takarda ba, kuma sun riga sun yanke shawarar ba mai ƙara ɗaukar zanen Hajiya a cikinsu. Hajiya ta durƙusa a bakin kwali ta ce, "Ƴar uwa, na zalunce ki, ki yafe mini." Matar ta yafe, ta karɓi goron, ta ce a mayar da turmin.

Ta dawo ciniki bayan sallah, amma da sharaɗi: duk abin da ta biya a rubuta mata a ƴar takarda da hannu ta tafi da ita. Yanzu haka ake yi wa kowa a shagon. An dawo da kaye kusa da kwamfutar, kowace Juma'a ana buga lissafin mako a takarda, ana kuma kwafe fayil ɗin a kile biyu da kwanan wata a jikin sunansa, ba a danne na jiya da na yau, domin in na yau ya lalace a samu inda za a koma.

Yaron ya amshi haƙurin da aka ba shi, ya koma cin abinci a gida, amma ya ce ba zai ƙara riƙe kuɗin kowa ba. Yana can unguwar Zariya yana koyon gyara a wajen dattijon. Ita kuwa sandar, mun mayar wa wanda ya sa ta, ya juya ta gaba da baya ya ce ba shi da tabbacin tasa ce, ya tambaye mu takarda. Ba mu da ita.